Kwantaccen Cikin Lantana

"Ƙarfe ne, 'yar nan," in ji Altine. Ta tsaya a tsakiyar hawan Ladeira da Praça tana haki, ta ware hannuwa biyu kamar mai cinikin kifi. "Tsawonsa ya kai haka. Baki gare shi irin na agwagwa. In ungozomar nan ta sa miki shi sai ta murɗa wani ɗan kunne a gefe, bakin ya wangame, ta haska kyandir ta leƙa. Har tuwon da kika ci shekaranjiya sai ta gani."

Lantana ta dafe mararta da hannu ɗaya, ta kama bango da ɗayan. Ba hawan ne ya kashe mata gwiwa ba, ta saba da hawa da gangaren Bahiya tun tana yarinya da aka sauke su daga jirgin bayi. Bakin Altine ne. Tun da suka baro ɗakinsu a Barroquinha tsohuwar take ƙara wa ƙarfen nan tsawo. A ƙofar gida taƙi ɗaya ne, yanzu ya kusa kamu guda.

"Yaya, don girman Allah ki bari."

"In bar me? Gara ki sani tun daga nan. Ni da nake wanke zannuwan gadon matar nan shekara da shekaru, akwai abin da ban gani ba? Wata Bayarabiya da aka kawo bara, da ta ga an ɗauko shi, ta taga ta fita, ko ɗankwalinta ba ta tsaya ɗauka ba."

"Kin ce a bene ɗakin yake."

"To ai shi ya sa har yau take ɗingishi."

Duk wanda ya san Barroquinha ya san Lantana mai ƙosai, ya kuma san tana da ciki. Shekara huɗu ke nan tana da shi. A watan da zazzaɓin shawara ya share gari ya tafi da mijinta Idirisu, mai ɗaukar Turawa a kujerar kafaɗa mai labule, a watan ne al'adarta ta ɗauke. Marar ta ɗan tasa, ta yi kwaɗayin tsami, ta yi amai da safe, daga nan komai ya tsaya cak. Tsofaffin matan Hausawa da suka rage a unguwar suka taru suka tattaɓa ta, suka ce ai wannan sanannen abu ne a gida: ciki ne ya ji mutuwar ubansa ya kwanta, ran da Allah ya so zai tashi. Lantana ta yi kuka ta yi hamdala. Aurensu da Idirisu ya daɗe ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, kuma ban da cikin nan bai bar mata komai ba sai tsumman da yake azawa a kafaɗa da tasbaha.

In za a faɗi gaskiya, cikin bai cuce ta ba. Tun daga ranar ba a ƙara barin ta ta ɗebo ruwa ba. In an yanka rago a ɓoye ran Salla, hanta tata ce. Mai ciki ba a yi mata tsawa, mai ciki ba ta sharar tsakar gida. Altine takan ce yaron nan ya fi kowa wayo a Bahiya, ya leƙo ya ga yadda ake yi da baƙar fata a garin, ya koma ya ja mayafi. Lantana kuwa in ta zauna gaban kasko kafin masu saye su fito, takan yi masa hira ƙasa-ƙasa, ta ba shi labarin garinsu na kusa da Zariya, wanda ita kanta ba ta tuna komai nasa sai wata kuka da wata rijiya. Wani lokaci yakan motsa, ko Alƙur'ani aka ba ta za ta dafa.

Da haka za a yi ta tafiya da ba don Ɗanbaba wanzami ba. Ya daɗe da fansar kansa da aska da ƙaho, yana da 'yar rumfa a gindin dandalin Pelourinho, da bakin da ba ya rufuwa ko yana cire wa mutum haƙori. Sai da ya daɗe yana sayen ƙosan da ya fi ƙarfin cikinsa kafin ya faɗi abin da ke kawo shi. Ya kama wuri a jirgin da zai tashi zuwa Ikko ƙarshen watan nan, kuma ba ya so ya koma ƙasarmu daga shi sai aska. Lantana ba ta ƙi shi ba. Da ta ƙi shi ma da kowa ya huta.

Malam Yahaya, wanda yake ɗaura musu aure a ɓoye tun bayan boren da ya sa 'yan sanda suka tsani duk wani rubutun Larabci, ya ce shi ba ya ɗaura aure a kan ciki. Mai ciki iddarta sai ta haihu, kuma littafi ya yarda ciki yakan kwanta har shekara biyar, sai fa in mace masaniya ta duba ta shaida babu kowa. Ungozomar Hausawa ta ƙarshe ta rasu da damina. Saura Dona Firmina, mai takardar shaida daga makarantar likitoci, wadda Altine ke yi wa wanki. Malam ya shafa gemu, ya sake shafawa, ya ce larura ce, amma Altine ta tsaya a ɗakin ta zama idon Musulmi.

To ga Lantana a kan hanya. In an ce akwai, jirgi ya tafi da Ɗanbaba. In an ce babu, Idirisu ya mutu ke nan gaba ɗaya. Ita kanta ba ta san wanne take roƙo ba, shi ya sa tun safe in ta ɗaga hannu za ta yi addu'a sai ta sauke.

Sai da suka bi ta gaban rumfar wanzamin, don Altine ta ce hanyar ta fi kusa, alhali ba ta fi ba. Ɗanbaba yana tsakiyar yi wa wani ɗan dako aski, ya hango su, ya bar bawan Allah da rabin kai.

"Iya Altine, barka da hantsi. Lantana, an fito? Ashe yau ne? Wallahi na manta yau ne. Ni dama na ce bari in tashi da wuri, akwai wani mai ciwon haƙori can wajen gidan matar nan, to in kun ga ina tsaye a can kada ku ce jiranku nake, mai haƙorin nake jira."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Altine. "Ka ƙarasa wa wannan kansa tukuna, kafin ya zama mai ciwon kai."

Lantana ba ta ɗago ba. Ta ja mayafi ta wuce, kunnuwanta suna zafi.

Dona Firmina gajeriya ce mai faɗi, wankan tarwaɗa, hannun rigarta a naɗe har gwiwar hannu, tana ƙamshin sabulu da garin taba. Lantana ta zaci za ta tarar da wuƙaƙe a rataye, sai ta tarar da ɗaki kamar na kowa: siririn gado a gindin taga, labule a kusurwa, tebur da tasoshin ruwa, da kujeru. Matar ta nuna mata kujera, ba gado ba, ta ce su fara da magana.

"Ta ce ki zauna," in ji Altine.

"Na ji, Yaya. Da wane harshe nake sayar da ƙosai?"

Amma Altine an ce ta zama ido, ita kuma ta ga babu laifi ta haɗa da baki. Dona Firmina ta tambayi yaushe rabon Lantana da jini, ko ta taɓa haihuwa ko ɓari, ko tana jin ciwo a mara, ko wani ruwa yana fita mai wari ko ƙaiƙayi. Kowace tambaya sai Altine ta maimaita ta da Hausa, ta sa mata barkono. Lantana tana amsawa tana kallon yatsun ƙafarta. Tun da take ba a taɓa yi mata irin waɗannan tambayoyi da rana tsaka ba, kuma matar tana yin su ne kamar mai tambayar kuɗin wake.

"Zafi yakan taso miki daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya keto?"

"Zafin kasko ne."

"Har kina kwance?"

"Yaron ne mai ɗumi."

Dona Firmina ba ta yi dariya ba. Ta ce ba Lantana ce ta farko ba da ta kawo mata ciki mai barci, matan Musulmi sun sha kawowa. Ta nuna labule ta ce akwai tukunya a baya, ta je ta yi fitsari tukuna, don mafitsara in ta cika takan tare hanya, ta sa a ji ciwon da bai kamata a ji ba. In ta gama ta kwance zane da fatari kawai, ta bar rigarta, ga farin mayafi nan ta rufa.

A bayan labule Lantana ta tuna da abin da ta manta. A ƙugunta, ƙarƙashin jigida, akwai layu uku da Malam Yahaya ya ɗinke mata a fata don tsaron cikin. A garin nan an sha ɗaure mutum a kan abin da bai kai haka ba. Ta yi ƙoƙarin kwance igiyar, ƙullin ya ƙi, gumi da shekaru sun mayar da shi kamar dutse. Ta fito rungume da mayafi, ta hau gado tana addu'ar matar ta zama makauniya daga cibiya zuwa ƙugu.

Hannun farko da Dona Firmina ta kai a kan layun ya sauka. Ta ɗaga su ta juya.

"Kakata ma tana da irinsu," ta ce. "Ja su sama, ba su nake nema ba."

Ta sa mata matashi a ƙarƙashin ƙugu, ta ce ta tanƙwashe gwiwoyi, ta kafa tafin ƙafa a gado, ta bar gwiwoyin su buɗe da kansu. Mayafin yana nan a kanta daga ƙirji zuwa gwiwa. Duk da haka Lantana ta ji jikinta ya sandare, haƙoranta suka haɗu. Ba kunya ce kaɗai ba. Rabon da baƙon hannu ya duba jikinta tun ranar da aka jera su tsirara a kasuwar bayi ta bakin teku, ana buɗe musu baki ana matsa musu cinya. Ta zaci ta manta da ranar, ashe jikinta bai manta ba.

Dona Firmina ta wanke hannu, ta goge, ta murza tafukan har suka yi ɗumi, ta tsaya inda Lantana za ta ga fuskarta.

"Duk abin da zan yi sai na gaya miki kafin in yi. In kin ce in tsaya, zan tsaya."

Lantana ta dube ta. Ta haura arba'in a duniya, ba a taɓa gaya mata wannan magana ba, da kowane harshe. Don ta gwada, matar tana aza hannu a cikinta ta ce, "Tsaya."

Hannun ya tashi. Dona Firmina ta harɗe hannuwa tana kallon taga. Can Lantana ta ce, "To, ci gaba."

Aka fara da ciki. Matar ta danna nan ta danna can, daga ƙarƙashin haƙarƙari har mara, tana tambaya ko da ciwo. Ta ɗauko wani ɗan ƙahon katako ta kafa a marar, ta ɗora kunne a ɗaya bakin, ta daɗe tana saurare, ta matsar ta sake saurare. Lantana ta riƙe numfashi don kada ta dame su. A zuciyarta tana cewa, motsa mana, ɗan nan, yau ce ranar da za ka motsa. Sannan ta tuna da jirgi, ta rasa abin da za ta ce masa.

"Yanzu zan duba waje da ido, sannan in sa ƙarfe," in ji Dona Firmina. Ta tsoma hannu a tasar ruwan ɗumi ta fito da shi, ta ɗaga ta nuna mata.

Lantana ta ɗago kai ta kalle shi da kyau. Bakin agwagwa kam bakin agwagwa ne, a nan Altine ba ta yi ƙarya ba. Amma duka-dukansa bai kai ludayin miya ba.

"Yaya Altine! Wannan ne kamu guda?"

Ta juya neman ta. Idon Musulmi yana can a kusurwa, ya juya wa gado baya, goshi a jikin bango, yana jan La haula da sauri-sauri.

"Me ya same ta?" in ji Dona Firmina. Lantana ta gaya mata cewa Altine ce ta koya mata duk abin da ake yi a ɗakin nan, tunda ta ga komai. Matar ta ajiye ƙarfen ta riƙe ƙugu tana dariya. "Wannan? Ta ƙofar baya take karɓar wanki. Ba ta taɓa tako ɗakin nan ina aiki ba. Tun yaushe nake roƙon ta ta kwanta in duba ciwon bayan da take kuka da shi, da na yi maganar sai ta tuna ta bar shanya."

"Ashe dokin mai baki ya fi gudu," in ji Lantana da Hausa. "Bayarabiyar da ta fita ta taga fa?"

"Ki ji da abin da ke gabanki," in ji Altine, ba ta juyo ba.

Dariya ta kama Lantana har gadon yana girgiza, kuma dariyar ce ta saki jikinta. Dona Firmina ta shafa wa ƙarfen man zaitun, ta ce ta shaƙi iska ta hanci ta fitar ta baki a hankali. Lantana ta ji shigarsa, da ɗumi, ba zafi, sai nauyi da matsi kamar mai jin fitsari. Da aka buɗe bakin matsin ya ƙaru, ta ɗan cije leɓe. Matar ta karkata ta yadda hasken taga zai shiga, ba a ko kunna kyandir ba. Kafin Lantana ta gama shirya irin ihun da za ta yi, an rufe an zare.

"Saura hannu, shi ne zai gaya mana."

Yatsu biyu masu mai suka shiga, ɗaya hannun kuma ya danna marar daga sama, kamar tana neman kama wani abu a tsakaninsu. Ta taɓa tsakiya, ta matsa dama, ta matsa hagu. A gefen hagu Lantana ta ji ɗan tsami ta ce wash, matar ta ce haka yake, kowa yakan ji a nan. Ta koma tsakiya ta daɗe. Lantana ta kafa wa fuskarta ido ko za ta karanta wani abu, amma fuskar ba ta faɗi komai ba.

Dona Firmina ta zare hannu, ta ja mayafi ta rufe mata ƙafafu, ta miƙa mata tsumma mai tsabta. Ta ce ta goge ta ɗaura zanenta, ita ba ta gaya wa mace labari tana kwance.

Sai da suka koma kan kujeru, Altine ma ta rabu da bango ta matso, sannan Dona Firmina ta yi magana.

"Lafiyarki lau. Ba ƙari, ba gyambo, ba abin da ya ruɓe. Amma mahaifarki ƙarama ce, ba ta kai gwaiba ba. Babu kowa a ciki."

"Barci yake," in ji Lantana. "In suna barci ƙanƙancewa suke yi."

"Mai barci ma yana bukatar wurin kwanciya. Na riƙe ɗakin duka a tsakanin hannuwana biyu, babu kowa."

"Motsin fa? Yana motsi. Ni nake ji."

"Me kike sayarwa?"

"Ƙosai."

"Wanda ya yi kwantai wa yake ci?"

Wani sauti ya kuɓuce wa Altine ta hanci. "Wake!" ta ce. "Shekara huɗu muna yi wa wake ɗiban ruwa! Tudun cikin kuma ai ba sai an tambaya ba, hantar ragunanmu ce." Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta ga fuskar Lantana, ta haɗiye sauran.

Dona Firmina ta yi bayani a hankali. Kowace mace da lokacin da jininta yake ɗaukewa, na wata da wuri, na wata a makare, kuma baƙin ciki yakan gaggauta shi. Zafin da ke taso mata alamar haka ce. Ta ce ba za ta ɓoye mata ba, da wuya ta haihu nan gaba.

Lantana ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta kafin ta yi tambayar da ta fi damun ta.

"Tun farko ne babu, ko ya zo ne ya tafi?"

Matar ta dubi hannunta. "Wannan hannun ba ya ganin baya. Wataƙila ya zo, bai zauna ba. Yakan faru mace ba ta sani ba. Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba."

A matakalar bene Altine ce ta riƙe Lantana, alhali da za su hau ita aka riƙe. Sun kusa ƙasa ta tsaya, ta rage murya, babu sauran tsiya a cikinta.

"'Yar nan, ni ce shaida, kuma kin ga bango na kalla. In kina so in ce wa Malam ba a gane ba, sai in ce ba a gane ba. Ki ci gaba da abinki, ba mai ji daga bakina. Ruwan ma zan ci gaba da ɗebo miki."

Lantana ta dafa bangon matakalar. Abin ya shige ta, don da sauƙi. Gobe ta zauna gaban kasko ta ci gaba da hira daga inda ta tsaya, unguwa ta ci gaba da tambayar ta ya nauyin jiki. Amma ta san ko ta buɗe baki gobe ba za ta iya ba, wanda take yi wa hirar ba ya nan. Baƙin ciki ya taso mata, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san ko tana da ikon yin kuka ba. Wa ya mutu? In ta ce a yi mata ta'aziyya, dariyar wake za a yi har Barroquinha ta gaji.

Ɗanbaba yana tsallaken titi a gindin wani bango, da jakar askarsa a rataye, ba mai ciwon haƙori ko ɗaya a kusa. Ya tsallako tun kafin su gama fitowa.

"Af, kun fito? Ni ma yanzu na iso. Mutumin bai zo ba, ka ga halin mutane, a ce maka haƙori ya hana barci, ka rufe rumfa ka hau tudu, sannan..."

"Babu kowa," in ji Lantana.

Fuskar wanzamin ta washe kamar an buɗe taga. Ya ja numfashi, bakinsa ya kama hanyar hamdala, har harafin farko ya fito. Sai idonsa ya sauka a hannun Lantana. Hannun ya tashi zai dafe mara kamar kullum, ya tsaya a hanya, ya rasa inda zai je.

Ɗanbaba ya rufe baki. Ya ajiye jaka, ya tuɓe takalmansa, takalman da a garin nan sai ɗa yake sawa, ban da bawa, ya tsuguna a kan duwatsun titi a gaban masu wucewa, ya ɗaga tafukansa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Lantana, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

Sai a nan kukan ya zo. Ta yi shi a tsaye, da ƙarfi, ba ta rufe fuska ba. Altine ta rungume ta tana amsa amin a madadinta, ita ma tana sharar hanci da bakin mayafi. Wasu masu ɗauke da kujera suka ratse ta gefe, Baturiyar da ke ciki ta ɗaga labule ta leƙo ta saki. Ɗanbaba bai tashi ba, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya ba har ta gama.

"Ta ce kuma da wuya in haihu," in ji Lantana tana goge ido. "Gara ka sani tun a nan."

"Wurin mutum biyu na kama," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ban kama na uku ba."

Lantana ta dube shi a tsugune, ƙafa ba takalmi. Ta ja hanci, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗan tsuke shi fiye da yadda ta saba.

"Wurin nan da ka kama," ta ce, "yana da faɗin da mutum zai yi rub da ciki?"

Ya ɗago bai gane ba.

"Shekara huɗu a rigingine nake kwana," in ji ta. "Bayana ya gaji."